Bariki ko Fadama: Ina Ya Kamata Kuɗin Fasaha Su Fara Sauka?

A kasafin 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya kai gaban Majalisar Tarayya a watan Disambar 2024, tsaro ne ya kwashi kaso mafi tsoka, naira tiriliyan 4.91. Ilimi ya samu tiriliyan 3.52, lafiya tiriliyan 2.48. Noma kuwa, wanda da shi mutanen Auyo da Kura da Ringim ke ci, bai kai tiriliyan 1 ba. Duk shekara in aka karanto irin waɗannan alƙaluma a rediyo, gardama ɗaya ce ke tashi a teburin mai shayi. Wani ya ce an ba soja an bar talaka, wani ya ce sai da rai ake noma, a yi ta ja har shayi ya huce.

Ba kasafin gaba ɗaya nake son mu duba ba. Mafi yawansa albashi ne da biyan bashi. Akwai wani yanki ƙarami a ciki wanda shi ke yanke yadda ƙasa za ta kasance nan da shekara ashirin: kuɗin da gwamnati ke zubawa a fasahohin da ba a iya rayuwar zamani sai da su. Tauraron ɗan'adam, jirgi marar matuƙi, turakun sadarwa, na'urorin hasashen yanayi, binciken iri da na magani, lantarki. Kusan duk ɗinsu fuska biyu gare su. Kyamarar da za ta hango mahaya babura a daji ita ce za ta hango inda ruwa ya fara cin gona. To wa za a damƙa wa kuɗin, wa zai riƙe na'urar, kuma aikin wa za ta fara yi?

Masu cewa a fara da soja ba shashashai ba ne, kuma mu da muke Kano da Jigawa bai kamata mu yi musu dariya ba don kawai muna kwana da ido biyu rufe. Mun ga baƙin da suka baro Zamfara da Katsina da ɗan ƙunshin kayansu, mutanen da a da su ke cika rumbu. Ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke kan iyakar Katsina sun fara ɗanɗana abin. Dajin Falgore sai da aka mai da shi wurin atisayen soja kafin hankalin mutanen Doguwa da Tudun Wada ya ɗan kwanta. A Nuwambar 2020 aka yi wa manoman shinkafa aƙalla 43 yankan rago a gonakin Koshebe kusa da Zabarmari, suna tsakiyar girbi. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin binciken alkama na ƙasar nan ke wuyanta, ta yi shekaru ba ta iya aiki yadda ya kamata a filayen yankin Marte. Wato rashin tsaro har binciken farar hula yana ci. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuma ga yadda za a ture ta ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce wadda 'yan boko suka fi so, ita ce kuma nake ganin tana bukatar a kwance ta a duba cikinta. Cewa suke kuɗin da aka ba soja ba ya tsayawa a bariki, yana gangarowa. Intanet daga aikin ma'aikatar tsaron Amurka ta fito. GPS, wanda malamin gona ke zagaya gonarka da shi a waya yana auna hekta kafin a rubuta sunanka a bashin noma, na sojan Amurka ne har gobe. Takin zamani ma haka: dabarar haɗa sinadarin amoniya daga iska, wadda Fritz Haber da Carl Bosch suka ƙirƙiro a Jamus, masana'antarta ta farko ta fara aiki a 1913, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya bunƙasa ta saboda ana bukatarta wajen haɗa abin fashewa. Buhun yuriyar da ke jingine a zaurenka jikan wannan aikin ne.

Duk gaskiya ne. Sai dai a kan faɗi sakamakon a tsallake hanyar da aka bi.

Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraronta na Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958. Hukumar ta soja ce, amma ba bindiga ta je ta saya ba. Jami'o'i ta ba kuɗin. Da aka haɗa kwamfutoci huɗu na farko a 1969, uku a jami'o'i suke, biyu a Kalifoniya ɗaya a Utah, ta huɗun kuma a cibiyar bincike ta Stanford. Malamai da ɗalibai ne suka yi aikin, suka rubuta yadda suka yi, kowa ya karanta. Daga baya hukumar kimiyya ta farar hula ta karɓi ragama ta shimfiɗa wa sauran jami'o'i. Shafukan da muke buɗewa yau kuwa a CERN aka ƙirƙiro tsarinsu a 1989, cibiyar binciken Turai wadda dokar kafa ta ta hana ta aikin soja. GPS ma ba da kansa ya gangaro ba. Sai da Sobiyet ta kakkaɓo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓata hanya a 1983, mutum 269 suka mutu, sannan Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe shi ga kowa. Ko bayan nan da gangan ake gurɓata siginar da farar hula ke samu, har ya iya kuskure wuri da kusan mita 100, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Da ba a yi haka ba, wayar malamin gona da ta sa gonarka cikin ta maƙwabcinka.

Sobiyet ɗin kanta ita ce ɗaya gefen labarin. Ta riga kowa zuwa sararin samaniya, tana da injiniyoyi ba iyaka, amma ta kulle su a garuruwan sirri da ko a taswira ba a sa su. Abin da suka gano bai fito waje ba. A 1972 ƙasar da ke ƙera makamai masu linzami ta je tana sayen hatsi a hannun Amurka. Kenan gangarowar da ake magana tana faruwa ne in an kashe kuɗin a gida wajen ƙirƙira, a hannun mutanen da ke iya fita da ilimin, kuma aka samu shugaban da ya buɗe ƙofa.

Yanzu a auna namu da wannan ma'auni. A 2018 aka cire kusan dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur don sayen jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, kafin ma majalisa ta amince, abin da ya tada ƙura a lokacin. Jiragen sun fara isowa a 2021. Ba na musun cewa sun yi aiki. Amma a Amurka aka harhaɗa su, can aka biya injiniyoyi, can ilimin ya zauna. Mu mun samu jirgi da takardar sayen kayan gyara. Wannan ciniki ne, kuma babu abin da zai gangaro daga ciniki zuwa Hadeja.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne asalin jirgin. Na kamfanin Embraer ne na Brazil, wanda gwamnatin sojan ƙasar ta kafa a 1969. Mu kuwa tun 1964 muka kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kaduna, da taimakon wani kamfanin Jamus. Mun girme su da shekara biyar. Embraer yau har jiragen fasinja yake sayar wa duniya, DICON kuwa ta yi shekaru masu yawa tana fama da kanta, sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ake fatan za ta farfaɗo da ita. Kuma Brazil ba ta tsaya a jirgi ba. A 1973 wannan gwamnatin sojan dai ta kafa Embrapa, hukumar binciken noma, ta tura matasa karatu waje, suka dawo suka gano yadda za a gyara ƙasar Cerrado mai tsami wadda aka ɗauka ba ta noma. Yau babu ƙasar da ta kai Brazil fitar da waken suya. Janar-janar ne suka zauna suka ga cewa binciken ƙasa da iri ba ya ƙasa da binciken jirgi.

Akwai ƙoƙarin gida, kada a ce ban faɗa ba. Sojan sama sun nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda cibiyar bincikensu ta Kaduna ta ƙera tare da wani kamfanin Fotugal. Irin wannan shi ne kuɗin soja da ke iya haihuwa. Amma in za a kai gaba, sai yaron da ya koyi aikin ya iya fita ya buɗe shago, sai jami'o'in Kano da Wudil da Dutse sun shiga ciki.

Sai matsalar duhu. Kuɗin tsaro shi ne kuɗin da in ka tambaya a ce maka sirrin ƙasa ne. Daga cikin wannan duhu badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ta fito a 2015, wadda aka gurfanar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, a kanta. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda gwamnoni da wasu manya ke kashewa ba tare da bin diddigi ba, ya kai kusan dala miliyan 670 a shekara. Na'ura kuma ba ta maye gurbin sanin ƙasa. A daren 3 ga Disambar 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Jirgin ya ga taro. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa taron mene ne, abin da mai unguwa da waya mai sabis zai iya faɗa cikin minti ɗaya.

To mu sauko fadama. Duk wanda ya taɓa noman shinkafa ko alkama a kwarin Hadeja ya san tsuntsun jan baki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya tafi kamar da, ya koma kwanciya duk shekara, kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsu kuma ya samu ɗakin kwana. In shinkafa ta fara nono, tun kafin assalatu yara ke fita. An kafa sanduna an ja igiya daga kunya zuwa kunya, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokin leda. Yaro na kan ɗan dandamali yana fizgar igiya yana ihu, muryarsa ta dishe tun hantsi. Garken ya taso kamar hayaƙi, ya kauce wa wannan gona ya sauka a ta gaba, can ma a yi ihu ya dawo. Haka za a yi har magariba, makonni a jere, makaranta kuwa sai bayan girbi. Maganin abin sananne ne: a gano inda suke kwana a cikin kachala, a yi feshi da yamma in sun taru. Gano makwancin shi ne wahalar, ga shi sau da yawa jirgin feshi ba ya zuwa sai ɓarna ta yi nisa. Wannan aikin ƙaramin jirgi marar matuƙi ne mai kyamarar da ke ganin zafin jiki, irin wanda ake neman ɓarayin daji da shi. Kuɗinsa bai kai na tayar jirgin yaƙi da ƙafarta ba.

Ambaliya ma haka. A 2022 sama da mutum 600 suka mutu a faɗin ƙasa, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA na fitar da na ambaliya, kuma suna ƙoƙari. Amma a ce maka ƙaramar hukumarku na cikin haɗari bana, wannan kowa a Ringim ya sani tun kakanninsa. Abin da manomi ke so a gaya masa shi ne ruwa ya wuce Wudil da tsayi kaza, zai iso ku nan da kwana biyu, ku kwashe abin da za ku iya. Wannan na bukatar ma'aunan ruwa a jere a bakin kogi masu aiko da saƙo da kansu, da wanda ake biya ya kula da su, da saƙon murya da Hausa. Indiya ta gina shirinta na sararin samaniya a kan irin wannan tunani tun 1969. Guguwar da ta afka wa jihar Odisha a 1999 ta kashe kusan mutum 10,000. Da wata mai ƙarfi ta dawo a 2013, an hango ta tun tana teku, aka kwashe mutane kusan miliyan 1, waɗanda suka mutu ba su kai 100 ba.

Kada dai a ɗauka bangaren farar hula waliyyai ne. Mun harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003. NigComSat-1 da Sin ta harba mana a 2007 ya mutu a 2008, aka maye shi da wani a 2011. A shekarar dai aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. NigeriaSat-2 an ƙera shi ne don ya yi aikin shekara bakwai. Ka tambayi malamin gona a Kafin Hausa ko ya taɓa ganin hoton gonakin yankinsa daga ɗayansu. Cibiyoyin bincike da yawa in an biya albashi ba abin da ke saura na man janareta. Wanda kuma ya taɓa bin layin takin gwamnati ya san farar hula ma sun iya ɓatar da kaya. Bambancin kawai, nan kana iya tambaya, ɗan jarida na iya bin sawu, ba wanda zai ce maka sirrin ƙasa ne.

Kuma in an ba su abin aiki suna yi. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Akwai masu ɗari-ɗari da shi saboda an taɓa ƙwayar halittarsa, wannan wata gardamar ce ta daban. Da tsutsar sharon ta cinye tumatirin Kadawa a 2016 har kwando ya gagari mai gida, ba bataliya aka nema ba, masana ƙwari aka nema, sai aka tarar 'yan kaɗan ne kuma ba su da kayan aiki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, injin ban ruwa ya zama abin da ke cinye ribar noman rani. Famfon sola mai araha, wanda makaniken Hadeja zai iya kwancewa ya gyara, fasaha ce mai muhimmanci kamar kowace, ko da ba a yi mata fareti ba.

Akwai kuma abin da ya wuce rabon kuɗi, wato wa ke riƙe da makulli. A Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mai POS ya rufe, ɗan kasuwa ya rasa jin farashi, wanda aka kawo wa hari ya rasa yadda zai kira agaji. A Arewa maso Gabas an takaita safarar yuriya saboda ana haɗa bam da ita. Mai son tashin jirgi marar matuƙi don aiki sai ya nemi izinin hukumar jiragen sama da kuma na ofishin mai ba da shawara kan tsaro a Abuja. Kowane mataki akwai dalilinsa. Amma in soja ne kaɗai ke teburin da ake yanke hukunci, kullum asarar manomi ba ta shiga lissafi, domin babu wanda aikinsa ne ya kawo ta. Turawa ma suna wannan gardama yanzu. Babban asusun binciken Tarayyar Turai na 2021 zuwa 2027, mai kimanin yuro biliyan 95, an tsara shi ne tun farko don ayyukan farar hula zalla, na tsaro daban yake, kimanin biliyan 8. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke ake matsa lamba a rushe katangar, malaman jami'a da yawa kuma na tsoron in an rushe, sirri zai biyo kuɗin ya shigo ɗakin bincike.

Ni dai ga inda na tsaya. A biya soja haƙƙinsa, a saya masa abin da zai kare kansa da mu, ba na jayayya da wannan. Amma kuɗin ƙirƙira da bincike, da duk na'urar da ke da fuska biyu, a ajiye su a hannun farar hula, soja ya zo ya karɓi abin da yake bukata. Dalilina na lissafi ne. Hoton da aka ɗauka don auna ambaliya, soja na iya amfani da shi gobe ba tare da an cire ko kwabo ba. Hoton da aka ɗauka da sunan tsaro kuwa ya shiga durowa ke nan, mai binciken kachala ba zai taɓa ganinsa ba. Turken sadarwa a ƙauyen kan iyaka yana yi wa mai tumatir aiki da rana, ya yi wa mai kiran agaji aiki da dare. In kuma dole ne a sayo daga waje, a rubuta a kwangila cewa gyara da haɗa wasu sassa a nan za a yi, da hannun yaranmu. Turkiyya ta bi wannan hanya bayan takunkumin makamai da Amurka ta sa mata kan rikicin Cyprus na 1974, yau ga shi mu ma muna cikin masu sayen jiragenta.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a birnin Maputo na Mozambik a 2003 cewa kashi 10 cikin 100 na kasafi zai tafi noma, sun kuma amince a riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arziƙin ƙasa a bincike. Nijeriya ba ta kusanci ko ɗaya ba. Wasu daga cikin abubuwan nan ma ba sai an jira Abuja ba. Ma'aunan ruwa daga Wudil zuwa Hadeja, da 'yan jiragen neman makwancin jan baki, da albashin waɗanda za su kula da su, abu ne da Kano da Jigawa za su iya haɗa hannu da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are su yi daga aljihunsu, in sun ga dama ma daga cikin wancan kuɗin tsaron da ba a bin diddiginsa. Kasafin jiha yana zuwa majalisa ne a ƙarshen shekara, kuma ɗan majalisar mazaɓarku yana zuwa gida ɗaurin aure da ta'aziyya. In ya zo, bayan an gaisa, a ce masa: Ranka ya daɗe, a cikin kasafin bana nawa aka ware wa ma'aunin kogi, kuma a wane shafi yake?